Kawu da Kwantenar Injin Ban Ruwa

Mahaifina hatsi ya sani. A Kurfi aka haife shi, a nan ya gina rumbunansa da shagonsa, kuma har ya bar duniya abin da ya fi nisa da ya taɓa sayowa shi ne gero daga Maraɗi. Ni ma cikin buhuna na tashi. Amma a shekarun da noman rani ya kankama a yankinmu, sai na lura manoman Dabawa da ke kawo mana masara da dawa ba su da zance sai na injin ban ruwa. Wanda ke da shi yana yin tumatir da albasa da alkama, wanda ba shi da shi yana zaman jiran damina. Na fara zuwa Kano ina saro biyar, shida, in ajiye a gefen buhunan dawa, kafin sati biyu sun ƙare. Da tafiya ta yi tafiya na buɗe ƙaramin shago a Dutsin-Ma, na injina zalla.

Ina da shekara talatin da ɗori wani abokina mai zuwa Sin sarin kayan waya ya haɗa ni da masana'antar da ke ƙera injinan. Da na ga farashinsu a can, sai da na sake tambaya. Nan take na ƙudura zan sayo kwantena guda da kaina. Abokin ya ce abin ba wuya: in tura kuɗi, a sauke kaya a Kwatano, akwai masu shigo da su ta daji.

Allah ya sa a makon nan Kawu yana gida.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, daga gidan malamai na Dutsin-Ma. Shi kaɗai cikin ’yan ɗakinsu ya haɗa allo da boko. Ya fara da aikin rubuta takardu a bakin iyaka a Jibiya, daga baya ya koma Ikko, ya yi shekaru ƙarƙashin wani, har ya samu lasisin kansa. Aikinsa shi ne abin da ’yan kasuwa ke kira kiliyarin: idan ka sayo kaya daga waje, shi ke tsayawa tsakaninka da kwastam, ya shigar da takardunka, a yanka maka kuɗin fito, a duba kaya, a sakar maka su. Mu a gida ba mu fahimci wannan duka ba. Abin da muka sani shi ne Kawu na Ikko yana zuwa kowace sallah da kowace kaka, cikin tsohuwar mota fara, da jakar fata wadda ko masallaci zai shiga sai ya kulle ta a mota ya sake jan ƙofar ya tabbatar.

Na same shi a zauren gidansu bayan la’asar, yana ɓare gyaɗa. Na zayyana mashi shirina ina ta zumuɗi. Bai katse ni ba har na gama.

“Ka tura kuɗin?” in ji shi.

“Gobe nake so in je banki, Kawu.”

“To, ka gode wa Allah da goben ba ta yi ba. Zauna da kyau.”

Ya aika cikin gida aka kawo jakar. Ya ciro wani littafi mai kauri, gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa. Ya ce duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa, daga allura har jirgi, yana da lambarsa a cikin littafin nan, kuma lambar ce ke faɗin abin da za ka biya. Sannan ya shiga yi mani tambayoyi. Injin nan ruwa kawai yake ja, ko yana ba da wuta? Da fetur yake aiki ko da gas? Bakinsa inci nawa? Da tiyo za a haɗo shi ko tiyon daban? Wasu na amsa, wasu ban sani ba.

“Kana sayar da abu shekara huɗu ba ka san cikinsa ba,” ya ce, yana murmushi. “Ba laifi. Kwastam za su koya maka in ni ban koya maka ba, sai dai karatunsu da tsada.”

Maganar Kwatano kuwa bai ma tsaya ja da ita ba. Ya ce kayan da suka shigo ta daji ba naka ba ne, aro ne, duk ranar da aka tare su a hanya ko aka shigo shagonka an karɓe. Ya lissafa mani abin da zan fara yi kafin sisi ya bar hannuna: in yi wa kasuwancina rajista, in samo lambar haraji, masana’anta ta aiko da takardar farashi, banki ya buɗe mani fom ɗin shigo da kaya, a samo shaidar ingancin injinan tun daga can. Sai duk wannan ya kammala jirgi zai ɗauki kaya.

Wata biyu na yi ina zirga-zirga tsakanin Dutsin-Ma da Katsina. Kowace takarda na samu sai in ɗauki hotonta in tura mashi, shi kuma ya kira. Sau ɗaya ya mayar da ni banki saboda harafi guda: an rubuta sunan shagona da wani baƙi a takardar masana’anta, da wani daban a fom. Na ce ai duk mai hankali ya san shago ɗaya ne. Ya ce na’ura ce za ta fara karantawa, ita kuwa ba ta da hankali. Haushi ya kama ni, amma na koma.

Da aka ce jirgi ya kusa, na hau mota zuwa Ikko. Ban taɓa ganin teku ba sai lokacin. Ofishin Kawu ɗaki ɗaya ne a saman wani bene kusa da tashar jiragen ruwa, da fanka mai ƙara, da fulas ɗin shayi, da dardumar salla a naɗe bisa kabad. Akwai wata Bayerabiya mai kimanin shekarunsa da ke buga mashi takardu a kwamfuta, sun fi shekara ashirin suna aiki tare. Takan ce da shi Alhaji, shi kuma ya ce da ita Madam, kuma kullum suna musu kan wanda ya ajiye wane fayil a ina. Lasisinsa na rataye a bango cikin gilashi. A nan na ga wani Kawu da ban sani ba. Mutumin da a gida yake tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai, a nan sai da na riƙa haɗawa da sassarfa kafin in cim mashi. Yana gaisawa da wannan da Yarbanci, da wancan da Turancin kasuwa, masu gadi suna kiransa Baba Katsina.

Komai na tafiya daidai. An sauke kwantena, Madam ta shigar da bayanan kaya, an yanka kuɗin fito na biya a banki. Saura ranar buɗe kaya.

Ana saura kwana biyu, da hantsi, saƙo ya shigo wayata daga mutumin masana’antar. Abokina ya fassara mani. Wai don murnar cinikinmu na farko sun saka mani kyauta a can ƙuryar kwantena, bayan injina: kwali goma sha biyu na maganin feshin ƙwari, in gwada wa manomana. Na ji daɗi ƙwarai. Na hau bene da gudu na nuna wa Kawu.

Ya karanta saƙon, ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur.

“Yana cikin takardar jerin kaya?”

“A’a, ai kyauta ce.”

“Madam, duba mana.”

Ta duba. Babu.

Kawu ya ce da ni, “Mun rubuta wa hukuma cewa abin da ke cikin kwantenar nan injin ban ruwa ne da tiyo, ba komai. Na sa hannu. Yanzu ga abin da ba mu faɗa ba. Kuma maganin feshi ba kamar ƙarfe ba ne, ba a shigo da shi sai da izinin masu kula da magunguna. Ba ka da shi.”

“To mi za a yi?”

“Za mu rubuta takarda yau, mu faɗa masu da bakinmu kafin su gani da idonsu.”

Na tambaye shi abin da zai biyo baya. Bai ɓoye mani ba: za a riƙe maganin, ba zan sake ganinsa ba, wataƙila a ci ni tara, kuma kwantenar za ta ƙara kwanaki. Kwanakin ne suka fi tayar mani da hankali. An riga an gama girbi, manoman Dabawa sun yi kwamin tumatir, iri ya isa dashe, kowa yana jirana. Na ce, “Kawu, a can ƙurya fa yake. Wa zai sauke injina duka don ya ga bayansu? Mu yi shiru mana.”

“Wataƙila ba za su sauke ba,” in ji shi. “Wataƙila kuma su sauke. Ni ba na aiki da wataƙila. Sannan ka tsaya ka ji. Maganin nan ka san abin da ke cikinsa? Rubutun jikinsa ma ba ka iya karantawa. Za ka ba mutum ya fesa a tumatir, tumatirin ya zo kasuwar Kurfi, Yaya ta aika a sayo ta yi miya.”

Yaya ita ce mahaifiyata. Maganar ta shige ni, amma zuciya ta riga ta hau. Na sauko daga benen na tafi rumfar mai shayi. A nan wani mutum da na saba gani yana yawo a bakin tasha da fayil a hammata ya matso kusa da ni. Bahaushe ne, mai fara’a. Ban san yadda aka yi ya ji labarin ba, ko kuwa fuskata ce ta faɗa mashi. Ya ce shi ma ejan ne, mai aikin kiliyarin irin na Kawu, kuma irin wannan matsala a wurinsa ruwan sha ce, kwana biyu kaya na kan hanya, har da kyautar. Na tambaye shi ofishinsa. Ya ce ai shi ba ya zama wuri ɗaya, da lasisin wani maigidansa yake aiki.

Na koma sama na ce wa Kawu na samu wanda zai yi. Ban manta yadda ya dube ni ba. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya ɗauko fayil ɗina, ya ɗora a gabana.

“Kayanka ne. Ga takardunka. Amma tunda sa hannuna yana ciki, ko ka tafi sai na rubuta masu abin da na sani. Ina gaya maka ne don kada ka ce na yi maka a ɓoye.”

Na ɗauki fayil na fita. Madam ta bi ni da kallo.

A gindin benen na tsaya na kira mahaifiyata, niyyata in kai ƙarar ƙanenta. Ta bari na gama, ina jin kaji na kuka a bayanta.

“Ya ce ba zai yi ba?”

“Ya ce ba zai yi ba, Inna.”

“To ba zai yi ba. Wannan tun yana ƙarami Malam ya sa shi duba allunan yara, in ya ga wasali ɗaya ba daidai ba sai an wanke allon duka, ko za a yi ta kuka. Ni ma ya sa na wanke nawa, ina yayarsa. Kai dai ka san ka bar Kurfi da mutuncinka. Ka koma ka ba shi haƙuri.”

“Inna, manoma na jira.”

“Su jira. Sun jira damina shekara da shekaru ba su mutu ba.”

Na daɗe a tsaye a wurin, manyan motoci na wucewa suna watsa mani hayaƙi. Sannan na hau. Na durƙusa na ce, “Kawu, a yi haƙuri.” Ya ce, “Tashi, ka sha shayi. Madam, mu rubuta.” Ashe ta riga ta buga takardar, sa hannu kawai take jira.

Ranar buɗe kaya da safe muka shiga tasha. Na tsaya ina kallo aka yanke hatimin ƙarfen da ke bakin kwantenar, ƙofa ta buɗe, warin sabon fenti da roba ya bugo ni. Ga injinana ja-ja-wur cikin kwalaye, jere har sama. Jami’in kwastam ɗin da ke jagorantar binciken yana riƙe da takardar da Kawu ya rubuta. Ya sa ’yan dako suka sauke kaya gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ana ƙirgawa, Kawu na tsaye da jerin kaya yana yin alama da biro. Aka buɗe kwali uku aka duba lambar jikin injin. Da aka kai ƙurya, ga kwalayen maganin nan. Aka ware su gefe, aka kira jami’an kula da magunguna suka rubuta, suka ba mu shaidar sun karɓa.

Da muka fito na tambayi Kawu ko don takardarmu aka sauke komai. Ya ce a’a, sabon mai shigo da kaya ne ni, ba su san ni ba, da ma haka za a yi. Na nemi wuri na zauna.

Kwana tara aka ƙara. Kawu ya yi ta hawa da sauka tsakanin ofisoshi, aka gyara bayanan, na biya ’yar tarar da aka ɗora, aka saki kaya. Kafin motar da ta ɗauki kwantenar ta tashi ya haɗa takardun duka, ya yi kwafi uku. Ɗaya ya ba direba cikin leda, ɗaya ya ba ni, ɗaya ya ajiye. Ya ce, “Wannan fayil ka adana shi kamar takardar gida. Ko bayan shekaru aka zo shagonka aka tambaya, shi ne bakinka.” A gaban motar na zauna tun daga Ikko har gida. An tsayar da mu a wurare da dama, kowane wuri direba ya miƙa leda, a duba, a ɗaga mana hannu.

Mun shigo Dutsin-Ma ranar kasuwa da azahar. Ban taɓa ganin an taru a ƙofar shagona haka ba. Gaskiya wasu ba su jira ba, sun tafi Kano sun sayo, kuma ban ga laifinsu ba. Amma mafi yawa suna nan. Wani dattijo daga Dabawa, wanda tun zamanin mahaifina yake kawo mana dawa, ya ɗaure nasa a bayan babur ya ce lallai sai na bi shi na gani. Na bi shi. Lokacin hanyoyin ƙauyukanmu lafiya lau, kana iya tafiya duk inda kake so ka dawo ba wanda zai ce maka ka yi sauri. Muka sauka fadama, ya jefa tiyo cikin ruwa, ya ja igiya sau biyu, injin ya kama. Ruwa ya yi tsalle ya bi kwami yana kwanciya, ’ya’yansa da matan gidan da suka fito kallo suna ta sowa. Dashen ya yi latti da kusan sati biyu, amma ya kama.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina shigo da kaya ta hannun Kawu. Ba mu sake yin irin wancan ba, ko da yake musu bai ƙare ba. Duk lokacin da doka ta canza shi ke fara kirana, wani lokaci tun kafin in ji a rediyo. Akwai shekarar da ya hana ni sayo wasu ƙananan janareto da na ƙwallafa rai a kansu, ya ce ana shirin hana shigo da irinsu, kuma haka aka yi. Kafin kowace masana’anta ta rufe kwantena, sai ya sa an rubuta masu da harshensu cewa ba ma son kyauta.

Da ƙafafunsa suka fara ciwo, hawa benen ya gagare shi, sai ya tattara ya dawo gida. Ya sayi gona a Kuki, ya zuba tumaki, ya koma zama a zauren gidansu yana sauraron karatun manya bayan asuba. Yanzu kusan komai ta kwamfuta da waya ake yi. Ejan ɗin da nake aiki da shi yau mutumin kirki ne, mai lasisi, aikinsa tsaf, amma sau biyu kawai na taɓa ganin fuskarsa.

A kakar ƙarshe ta rayuwar Kawu, wata Juma’a bayan an sauko, ya ce in kai shi Kurfi ya ga Yaya. Na ɗauke shi a mota. Hanya duk an yanke gero an jingine, ana ta ɗaurin dawa. Muka tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana tsince wake. Aka shimfiɗa mashi tabarma a inuwar ɗaki, aka dama fura. Suka shiga hirar mutanen da ni ban sani ba, waɗanda suka rasu tun kafin a haife ni. Can suka kama gardama kan wata bishiyar tsamiya da ke ƙofar gidansu suna yara. Ita ta ce a dama take in ka fito, shi ya ce a hagu. Ta ce ita ce babba, ta riga shi ganinta. Ya ce shi ne ya faɗo daga kanta, ya fi ta sani. Suka yi ta yi har la’asar, suna dariya, tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ina zaune bakin rijiya ina jin su. Da muka tashi tafiya ta cika mashi ƙwarya da waken da ta tsince, ya riƙe ta a cinya har Dutsin-Ma.